Datar Yara: Bayani Kafin Zamanmu Na Gaba



A taronmu na ƙarshen watan jiya, da ma'aji ya zo kan layin da aka rubuta "datar yara" a lissafin kuɗin da ke fita, sai zaure ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo daga cikin iyayenmu na Abbatuwa ya miƙe ya ce, "Sakatare, ku faɗa mana gaskiya. Kuɗin nan karatu yake saya ko kallon TikTok?" Aka yi dariya, amma shi da gaske yake, kuma ba mu samu ba shi cikakkiyar amsa ba domin Magariba ta kawo jiki. An ɗage maganar zuwa zama na gaba, inda za a yanke shawarar a ci gaba da biya ko a tsaya. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka gani da idonmu a 'yan shekarun nan, mai daɗi da marar daɗi, kowa ya karanta kafin ya zo.

Abin ya faro ne a shekarar 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda cutar korona, ranar 30 ga watan kuma gwamnatin tarayya ta sa dokar zaman gida a Legas da Ogun da Abuja. Yaranmu na ajin ƙarshe suna tsaka da shirin WAEC sai aka ɗage jarrabawar. Gwamnatin jiha ta riƙa sa darussa a rediyo da talabijin, to amma duk wanda ya san gidajenmu na Agege ya san yadda abin yake. Ɗaki ɗaya ko biyu, mutum bakwai ko takwas a ciki, wuta ta zo ta ɗauke, malamin rediyo yana zuba Turanci da gudu, ba damar yaro ya ce masa ya maimaita. 'Ya'yan makarantun kuɗi suna ɗaukar darasi ta Zoom, namu suna buga ƙwallo a lungu.

Sai muka buɗe zauren WhatsApp guda ɗaya muka zuba kowa a ciki: yara, iyaye, 'yan kwamiti, da malamai biyu da suka yarda su taimaka kyauta. A lokacin zaure ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, kuma saura kaɗan mu cika shi. Muna ta murna, muna ganin mun yi abin kirki. Cikin mako biyu zauren ya koma dandalin barka da Juma'a, da sanarwar rasuwa, da saƙonnin maganin korona da ake turowa daga ko'ina, har da mai tallar atamfa. Malami ya sa tambayar lissafi da safe, kafin azahar ta nutse ƙarƙashin saƙo ɗari. Abin da ya fi damunmu daga baya shi ne ba mu lura ba cewa yaro ba zai taɓa rubuta "ban gane ba" a wurin da mahaifinsa da kawunsa da limamin unguwa suke karantawa ba. Ɗaya daga cikin malaman ya gaji ya fice ba sallama. Da aka fara WAEC ranar 17 ga Agusta ta wannan shekarar, ba za mu iya nuna yaro ɗaya mu ce zaurenmu ne ya taimake shi ba. Taron tsintsiya ne ba shara, kuma laifin namu ne na kwamiti.

Muka bar maganar har 2022, lokacin da malaman jami'a suka shiga yajin aikin da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. 'Ya'yanmu da ke karatu a Kano da Zariya da nan Legas duk suka dawo gida suna zaman jiran tsammani. Wata daga cikinsu, mai karanta fannin koyarwa, ta same mu a ofis ta ce, "Kawu, kun yi makarantar allo kuwa?" Muka ce wane ne bai yi ba. Ta ce, "To malam ne yake biya wa kowane yaro? Ai gardawa ne suke biya wa na ƙasa da su, su ma ƙananan suna biya wa junansu. Malam yana gefe yana saurare, sai an yi kuskure ya gyara. Ku kun tara yara ɗari biyu kun ce malami biyu su biya musu ta waya."

Maganar ta shige mu. Da taimakonta da na abokan karatunta muka rushe babban zauren muka raba yaran shida-shida, gwargwadon ajinsu da kusancin gidajensu. Kowane rukuni muka sa masa ɗalibin jami'a ɗaya a matsayin mai sa ido, iyaye kuwa muka roƙe su su fita. Dokokin ba su da yawa, kuma har yau da su ake aiki. Bayan Isha'i ana sa tambaya ɗaya tak daga tsofaffin takardun WAEC ko NECO ko JAMB. Kowa ya yi aikinsa a littafi da biro, ya ɗauki hoton shafin ya turo, kuma ba a karɓar amsa tsura sai da hanyar da aka bi aka same ta. Kowane dare akwai wanda layi ya zo kansa, shi zai yi bayani da saƙon murya wanda bai wuce minti biyu ba, da duk harshen da ya fi masa sauƙi. Mai sa ido ba ya cewa uffan sai aƙalla yara uku sun gwada. Ƙarfe goma na dare a kulle zaure, kowa ya kwanta.

A cikin dokokin nan, ta saƙon murya ce ta fi ba mu mamaki. Akwai wani yaro da ke taya mahaifinsa saukar kaya a kasuwar Mile 12 da asuba kafin ya wuce makaranta. A aji ba ya magana, malamansa sun ɗauke shi daƙiƙi. Wani dare aka sa tambayar nan ta lissafi mai jimla biyu da ake neman x da y: 2x + y = 70, da x + y = 45. Yaran suna ta jero ƙa'idojin da suka haddace da Turanci suna rikicewa. Da layi ya zo kansa sai ya ce da Hausa, "Ku ɗauka x kwandon tumatir ne, y buhun albasa. Wani ya sayi kwando biyu da buhu ɗaya dubu saba'in. Wani ya sayi kwando ɗaya da buhu ɗaya dubu arba'in da biyar. Me na farko ya fi na biyu da shi? Kwando ɗaya. Nawa ya fi shi biya? Dubu ashirin da biyar. To kun ga kuɗin kwando ke nan, albasa kuma dubu ashirin." Mai sa idon rukunin ya turo mana saƙon washegari, muka saurare shi sau uku a ofis. Abin da littafi ke kira hanyar kawar da harafi ɗaya, yaron nan ya daɗe yana yin sa a kasuwa da ka. Tun daga ranar sauran biyar ɗin shi suke jira a lissafi, shi kuma ya fara tambayarsu Turanci ba tare da jin kunya ba.

Mun lura cewa wanda ya yi bayanin shi ya fi cin riba. Yaro zai ɗauka ya gane abu, sai ya danna wurin ɗaukar murya ya fara magana, a tsakiya ya tsaya cak domin ya iso inda bai gane ba. Zai goge, ya koma littafi, ya sake ɗauka. Wata yarinya ta faɗa mana cewa wani lokacin sau biyar take ɗauka kafin ta tura. Maimaicin nan da ba wanda ya gani, a nan karatun yake zama.

Sai maganar harshe, wadda mu mazauna kudu muka fi kowa saninta. Yaronmu yana Hausa a gida, Yarbanci a titi, buroka a kasuwa, jarrabawa kuma da Turanci. Tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, saboda haka yaron da aka kawo daga Arewa yana ɗan shekara goma sha uku zai tarar da darasin da ko gaisuwa bai iya a cikinsa ba. A rukunonin nan haifaffun Agege ne suke biya wa baƙin Yarbanci, da murya, domin harshe ne da sai kunne ya ji hawa da saukar sauti. Daga baya wasu yaran suka nemi izini su sa 'yan ajinsu Yarbawa maƙwabta. Mun yi jinkiri, sannan muka yarda. Wadda ta fi kowa iya kimiyyar sinadarai a rukunin 'yan matanmu na bara 'yar maƙwabtanmu ce Bayarbiya, kuma mahaifiyarta ta zo har ofis ta yi godiya.

Kada wani ya ɗauka kowane yaro yana da wayarsa. Yawancinsu ta uwa ce, ko ta uba wadda ba ta dawowa gida sai an tashi daga kasuwa. Wasu gidajen ƙaramar waya ce kawai mai madannai. Shi ya sa muka haɗa rukunin bisa kusancin gida, yadda yara biyu ko uku za su zauna a tabarma ɗaya gaban waya ɗaya. Da farko mun ɗauki hakan a matsayin gazawa. Daga baya muka ga su ne suka fi yin gardama a kan amsa kafin su tura, kuma yaron da ke zaune da 'yan uwansa biyu ba ya samun damar zamewa ya shiga kallon bidiyo.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗi.

Wani bawan Allah daga cikin 'yan ƙungiya ya ƙwace wayar daga hannun 'yarsa ya ce ba za ta ƙara shiga ba. Muka je gidansa mu uku. Bayan gaisuwa muka ce, "Alhaji, yarinyar nan tana cikin masu ƙoƙari." Ya ce, "Na sani, Sakatare. Amma ƙarfe tara na dare 'yata tana sauraren muryar saurayin da ban san ubansa ba, kuma ku kuka haɗa su. In wani abu ya faru, ku za a zaga ko ni?" Ba mu da amsa, domin gaskiya ya faɗa. A lokacin rukunonin a gauraye suke, kuma duk masu sa idon maza ne in ban da biyu. Dalilin maganarsa muka ware rukunonin 'yan mata, mace ke sa musu ido, a kan wayar uwa, kuma uwar tana da damar buɗewa ta saurara duk lokacin da ta so. Iyaye mata da yawa da ba su yi boko ba sun fara bin karatun 'ya'yansu ta wannan hanyar, tunda bayanin da Hausa ake yi. Shi Alhajin ya mayar da 'yarsa. Amma akwai wani gidan da muka yi sawu uku ba a yarda ba, yarinyar ba ta zauna jarrabawar ba, kuma har yau in muka tuna sai mu ce da mun fara da wannan tsarin tun farko, wataƙila da ba a kai ga haka ba.

Na biyu ya fi wannan muni. Ana gobe za a rubuta lissafi a WAEC ta 2023, wani yaro ya turo hotuna cikin rukuninsu ya ce takardar gobe ce, ya biya kuɗi a wani zauren Telegram aka ba shi. Mai sa idon ta gani ta goge, amma kafin nan sauran sun riga sun adana, har sun tura wa wani rukunin. Yara biyu suka kwana suna haddar amsoshin maimakon bita. Da gari ya waye ko tambaya ɗaya ba ta fito ba, damfara ce kawai. Da a ce wani cikinsu ya yi gangancin shiga ɗakin jarrabawa da waya aka kama shi, da sakamakonsa gaba ɗaya ya shiga haɗari, kuma da an ce a zauren ƙungiyarmu aka raba satar amsa. Kwamiti ya rabu biyu a kan yaron, wasu suka ce a kore shi har abada. A ƙarshe aka dakatar da shi wata ɗaya, ya dawo tare da mahaifinsa, ya yi saƙon murya da bakinsa ya faɗi nawa aka cuce shi. Mu ma muka karɓi namu laifin, domin shekara guda muna koya musu x da y ba mu taɓa zama da su mun yi maganar masu sayar da "expo" ba. Yanzu kowace shekara kafin jarrabawa sai an yi wannan zaman.

Wata sabuwar fitinar ta zo a 2024, da aka sa Meta AI a cikin WhatsApp ɗin kansa. Yaro zai kwafi tambaya ya ba shi, cikin daƙiƙa ya samu amsa da hanyarta, ya juye a littafi ya ɗauki hoto. Masu sa ido suka fara ganin aiki tsaf daga yaran da jiya-jiya ba su iya raba lamba ba. Dokar murya ce ta cece mu. Sai a ce, "Madalla, yi mana bayanin layi na uku da Hausa." Wanda ya kwafa a nan yake tsayawa. Ba mu hana su amfani da shi ba, domin ba za mu iya tsare hakan ba, kuma wani lokacin yana taimaka wa mai neman ƙarin misali. Sharaɗin dai shi ne duk abin da ka turo sai ka iya kare shi da bakinka gaban 'yan uwanka biyar.

Akwai kuma abin da waya ba ta yi mana ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, daga baya kuma aka mayar da ita tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. Yaran suna gwada tsofaffin tambayoyi a waya suna auna lokaci, suna gasa da juna, kuma hakan ya rage musu tsoro. Amma shafa gilashin waya daban, zama gaban kwamfuta daban. Dole muke kai su shagon kwamfuta sau biyu ko uku su saba da madannan A, B, C, D na zaɓar amsa, da N na zuwa gaba, da P na komawa baya. Haka aikin ɗakin gwaje-gwaje na kimiyya, bidiyo ba ya maye gurbin riƙe kwalba da hannu. Tunda mun zo nan, bari mu tunatar da iyaye: rajistar JAMB tana buƙatar lambar NIN ta yaron, kuma layin wayar da aka yi amfani da shi aka karɓi lambar rajista shi za a ci gaba da buƙata har zuwa samun gurbi. Kada a yi da layin maƙwabci ko na mai shago. Mun ga yaron da ya sha wahala saboda mai layin ya koma gida Arewa da layinsa.

Game da sakamako, ba za mu yi muku ƙari ba. Akwai waɗanda suka haɗa kiredit biyar har da Turanci da lissafi a zama ɗaya, akwai waɗanda sai da suka sake, akwai wanda har yau bai haɗa ba. Ba za mu ce duk wanda ya ci zauren ne ya sa ba, domin suna da malamansu na makaranta da suka yi ɗawainiya da su shekara shida. Abin da za mu iya rantsuwa a kai shi ne, yaran da a da ba sa buɗe littafi bayan an tashi makaranta yanzu suna yin tambaya ɗaya kowane dare, kuma uku daga cikin masu sa idonmu na bana a rukunonin nan suka taso. Ɗaya daga cikinsu shi ne yaron tumatir da albasa.

To, mu koma kan tambayar Baba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin cajin waya a shago ya tashi, a watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Shi ya sa layin nan ya kumbura a littafin ma'aji. Ƙungiya ba ta saya wa kowane yaro data. Masu sa ido ake saya wa, sai waya ɗaya a kowane rukuni inda marasa waya ke taruwa, kuma an hana tura bidiyo domin hoto da murya ba sa cin data sosai. Shin wani ɓangare na datar yana tafiya a TikTok? Baba, yana tafiya. Duk wanda ya ce maka ba ya tafiya bai faɗa maka gaskiya ba. Amma littattafan yaran suna nan, kowane shafi da kwanan watansa, kuma mun roƙi rukunoni uku su kawo nasu ranar zama a ajiye a kan tebur. Gani ya kori ji.

Abin da muke roƙo a zaman nan abu uku ne. A bar layin datar kamar yadda yake har a gama jarrabawar bana, sannan a sake dubawa. Duk mai tsohuwar babbar waya a ajiye, ko gilashinta ya tsage, in dai tana ɗaukar hoto tana buɗe WhatsApp, ya kawo ofis, akwai rukunoni biyu da suke jira. Sannan muna neman mata masu NCE ko difloma ko digiri, ko matan aure ne a cikin gida, waɗanda za su iya ba da rabin awa bayan Isha'i, domin akwai 'yan mata goma sha biyu da iyayensu suka ce sun yarda in dai mace ce za ta sa ido, kuma har yanzu ba mu samu ba.

Wanda yake da ƙorafi ko shawara ya rubuta a ƙasa, ko ya same mu a ofis bayan La'asar, za mu karanta kowanne a gaban taro. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su fi mu.

Sakatare, a madadin kwamitin ilimi.